Kafin Mu Haƙa Burtsatse: Jawabi a Taron Ƙungiya

Shugaba, malamai, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Jalingo.

Tunda ana haɗa kuɗi a haƙa wa unguwa burtsatse, na roƙi a ba ni minti biyar. Ni ɗan kasuwa ne, amma abin da zan faɗa ya faru, kuma a kan 'yan'uwanmu Musulmi ya faru.

A ƙasar Bangaladash, daga shekarun 1970 aka yi ta kafa famfon tuƙa-tuƙa don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo kwalara. Ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano. Sai a 1993 aka tabbatar akwai dafi a cikinsa, wanda Turawa ke kira arsenik, Larabawa kuma zirnik. Tafin hannun mutane ya yi kanta, jiki ya yi baƙaƙen tabo, wasu har ciwon daji. Sai da aka bi famfunan da fenti: ja kar a sha, kore a sha.

To, da can ina dafin yake? Kun san tsatsar da ke kama kwanon rufi. Ƙasa ma tana da tata tsatsar, ita ke sa marmara ta yi ja. Arsenik yana manne wa tsatsar nan kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Muddin iska na ratsa ƙasar, yana nan a ɗaure, ba ya shiga ruwa. Amma can ƙarƙashi, inda laka da ruɓaɓɓen ganye suka daɗe a binne, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan cinye iskar, su koma kan tsatsar. Da ta narke sai ta saki abin da ta riƙe. Shi ya sa rijiya biyu a unguwa ɗaya, wannan lafiya lau, waccan guba.

Ikon Allah, maganin ma daga nan ya fito. Wani masaninsu, Abul Hussam, ya haɗa matata da bokiti, yashi, gawayi da ƙarfe. Ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsar ta kama dafin. A 2007 aka ba shi kyautar dala miliyan 1 a Amurka.

Iyaye mata, a lura: tafasa ruwa ba ya cire shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a lita, abin da sai na'ura ke iya gani.

Don haka roƙona, Shugaba, a ware kuɗin gwaji tun yanzu. In ruwa ya fito, a kai shi ɗakin gwaji, a ambaci arsenik da sunansa, a karanta mana takardar a nan kafin a ɗora tanki. Kuɗin motar mai kaiwa, ni zan biya.