Samanja Mazan Fama da Darasin da Ya Bar wa Malamai



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan wani dattijo da ya karantar da Arewa shekara da shekaru ta akwatin rediyo da talabijin. Ina nufin Alhaji Usman Baba Pategi, wanda kowa ya fi sani da Samanja Mazan Fama. Allah ya yi masa rasuwa a nan Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, bayan ya haura shekara 80 a duniya.

Marigayin Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara ta yanzu. Ya zo Kaduna da ƙuruciyarsa, ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962. Ya kuma sa kakin soja a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A bariki ya samo jarin da ya ci gajiyarsa har tsufa.

Ku tuna halin da ƙasa ta shiga bayan yaƙin. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba kafin a fara, ta kai wajen dubu 250. Soja ya cika gari, farar hula na ɗari-ɗari da shi, shi ma yana ganin ba a san wahalar da ya sha ba. A cikin wannan yanayi wasan Samanja ya shiga gidajen mutane. Sunan kansa muƙamin sajan-manjo ne da bakin bariki ya lanƙwasa. Ya fito da soja mai tsawa a filin fareti, wanda kuma yake komawa gida ya tarar da rigimar iyali da ta cefane kamar kowa. Jama'a suka yi dariya, tsoro ya ragu, sojan ma ya ga kansa a madubi.

Abin da ya fi shafarmu shi ne harshensa. Da Hausar bariki yake magana, gauraye da Turancin buroka, irin wadda wasu ke rainawa. Da ita ya isar da saƙon ladabi, da riƙon amana, da zama lafiya da maƙwabci, har Bahaushe da Bayarabe da Batibi suka fahimce shi a zama ɗaya.

'Yan'uwa, ajujuwanmu a Doka haka suke. Akwai 'ya'yan sojoji da 'yan sanda da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Yaro zai miƙe ya ba da amsa daidai da Hausa ko Turanci mai gargada, aji ya fashe da dariya. In malami ya taya su, wannan yaro ya rufe baki ke nan, wataƙila har ya bar makaranta. In kuwa ya karɓi amsar tukuna, ya yaba, sannan ya gyara lafazin cikin hikima, ya sami ɗalibi. Da tsohuwar zuma ake magani: dabarar Samanja ita ce ya sauko inda mai sauraro yake, ya ja shi sama a hankali.

Ina da roƙo biyu. Na farko, mu hana yi wa yaro ba'a saboda harshensa, mu fara da kanmu. Na biyu, yawancin ɗalibanmu ba su san Samanja ba, ba su san Ƙasimu Yero ba, wanda ya rasu a 2017. Tsofaffin sojoji da ma'aikatan rediyo na nan da rai a unguwanninmu. Kowace makaranta ta gayyaci ɗaya a zangon nan ya zauna da yara, a naɗi maganarsa ko da a waya ce, tun ana iya jin ta daga bakinsa.

Allah ya jiƙan Samanja, ya kyautata makwancinsa, ya ba iyalansa haƙuri. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke amanar 'ya'yan jama'a.