Amsar Wasiƙunku: Wa Ke Cin Ribar Rufe Iyaka?

Yau wasiƙu biyu ne a gabana, kuma kamar masu su sun haɗa baki. Ta farko daga wani dillalin dabbobi ce a Babura, yana kukan cewa duk lokacin da aka rufe iyaka sai jarinsa ya karye, yana kuma tambaya ko wane ne ke amfana da abin. Ta biyu daga wani manomin shinkafa a ƙasar Roni, shi kuwa cewa ya yi bai taɓa sayar da buhu da daraja ba kamar lokacin da iyakar take rufe, don haka me ya sa aka buɗe?

To, Malam na Babura, da kai zan fara. Abin da ya same ka ba yau aka soma shi ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, zamanin Babangida. Abin ya faɗo daidai da fari, hatsin da ya saba shiga Nijar daga kasuwanninmu ya yanke, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Dattawan Magarya da Matamaye ba su manta ba.

An sake rufewa a watan Agustan 2019, aka ce don a hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Ka ga wanda bai taɓa ɗaukar ko da mudu ɗaya ya ƙetara ba, shi ma sai da ya sayi mai a galan da tsada kafin ya tayar da injin ban-ruwansa. A Disambar 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, ciki har da Maigatari, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024.

Yanzu ga amsar tambayarka. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mafi yawanta ba kogi ba dutse, gonaki ne da burtali. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a farkon ƙarnin jiya, suka bar wa a nan, ƙane a can. Idan an rufe ƙofar Babban Mutum ko ta Kwangwalam, kaya ba ya fasa tafiya, hanya kawai yake sakewa. Abin da mota ɗaya take ɗauka da rana, sai ya koma kan babura ashirin da amalanke cikin dare. Mai babur zai ci nasa, ɗan jagora zai ci nasa, ga masu shinge a hanya. Duk wannan a kan kuɗin ragon ko buhun waken yake sauka, mai saye a Kazaure ko Kano shi ke biya. Mai babban jari yana iya jure asarar kaya ɗaya idan an kama. Kai da kake juya raguna biyar, kamu ɗaya ya gama da kai. Gwamnati ita ma ta rasa kuɗin fiton da take karɓa a ƙofa. Waɗanda suka ci riba su ne masu barauniyar hanya.

Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai muka iya rufe ƙofa. Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, sannan ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallar 2025. Wanda ya nemi ragon layya a shekarar ya ji a aljihunsa. Ita Nijar ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba talaka damar ƙetarawa ya yi kwana 90 ba biza. Saboda haka, Malam, ka riƙa tafiya da takardar shaidarka, ka bi ta ƙofa, ka kuma tambayi dokar da ke ci a ɓangarorin biyu kafin ka zuba kuɗi a kaya.

Kai kuma Malam na Roni, ban ƙaryata ka ba. Shinkafar gida ta yi daraja bayan 2019, masu casa sun ƙaru, wannan kowa ya gani. Amma ina so ka ɗauki alƙalami ka lissafa mini abin da ka kashe a taki da mai da cefanen gida a waɗannan shekarun, ka cire daga kuɗin buhun, ka sake rubuto mana abin da ya rage. Zan karanta shi a wannan fili in Allah ya yarda.