Mu Kai Yara Su Ga Furanni

Karatu: Matiyu 6:25-34

A yau muna so mu yi magana da iyaye, musamman masu ƙananan yara. Maganarmu kuwa a kan furanni ce.

Wataƙila wani zai ce, "Abinci ya yi tsada, kuɗin makaranta yana jira, ku kuwa kuna zancen fure?" Gaskiya ne, ɗan'uwa. Amma mu tuna, mutanen da Yesu ya yi wa wannan koyarwa talakawa ne, manoma da masunta, masu tunanin ci da sha da sutura kamar mu. Ya san damuwarsu sarai. Duk da haka ya nuna musu furannin jeji, ya ce su lura da su. A ƙasar Galili, bayan ruwan sama na lokacin sanyi, tuddai sukan cika da furanni. Da zarar iska mai zafi ta buso sai su bushe, a tattara su a hura wuta. Allah ya yi wa abin da kwanansa kaɗan ne ado fiye da na Sarki Sulemanu. To, yaya zai manta da 'ya'yansa?

A ƙasar Holan akwai wani babban lambu mai suna Keukenhof. Kowace shekara akan shuka furanni wajen miliyan 7 a cikinsa, a buɗe shi kamar mako 8 kaɗai, daga Maris zuwa Mayu. Mutane sukan zo daga ƙasashe masu nisa da 'ya'yansu don kallo. Mu a Maiduguri ba mu da irin wannan lambu, amma Allah bai bar mu hannu wofi ba. A ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, dogon yaro yakan fid da ƙananan fararen furanni, ƙanshinsu ya cika unguwa da yamma. Asalin itacen nan daga Indiya ne, a 1928 aka kawo shi Borno, ga shi yau shi ne inuwar garinmu. Tumfafiya tana fure a kangon fili, ba mai ba ta ruwa. Gawo kuma da rani yake yin ganye, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe nasu.

Shekaru da yawa iyaye suna kai yara lambun Sanda Kyarimi, wanda aka fi sani da gidan zu, a ranakun Kirsimeti da Ista, maƙwabtanmu Musulmi kuma da Salla. A 1970 aka kafa shi. Amma a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni da yawa, ya shiga lambun nan, yawancin dabbobinsa suka mutu ko suka ɓace. 'Ya'yanmu sun ga wannan ambaliya da idonsu. Kafin ta, tun daga 2009 garin nan ya sha tashin hankali. A 2014 iyalai masu yawa suka gudo daga Gwoza, da Chibok, da Askira, suka bar gonakinsu. Yaran da aka haifa bayan wannan sun taso a ɗakin haya ko a sansani. Sun ji labarin gudu sau da yawa, amma wasunsu ba su taɓa ganin furen wake a gona ba.

'Yan'uwa, yaro yana karanta fuskar uwarsa da ta ubansa tun kafin ya iya karanta littafi. Idan kullum damuwa yake gani, zai girma yana tsammani duniyar Allah wurin tsoro ce kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa a Maimaitawar Shari'a 6:7 aka umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah, a gida da kuma a kan hanya.

Saboda haka mu keɓe rana ɗaya a wannan wata. Mu fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, gama rana ta yi zafi, mu riƙe ruwan sha. Ko lambun gari ne, ko na masu sayar da dashe, ko harabar majami'a, duk inda abu yake toho ya isa.

Na farko, kada mu gaggauta yaro. Idan ya tsaya yana kallon kudan zuma a kan fure ɗaya, mu tsuguna tare da shi. Abin da Yesu ya ce mu yi ke nan, yaron ya riga mu yin biyayya.

Na biyu, mu faɗa masa sunan kowane itace da harshenmu na gida, ko Bura, ko Margi, ko Kibaku, ko Glavda. Kaka, ke da kika san sunayen nan, ki zo tare da jikokinki. In ba ki faɗa ba, wa zai faɗa musu?

Na uku, mu tambaye shi, "Wa ya yi wa furen nan riga?" Mu bar shi ya amsa da bakinsa. Idan ya ga wanda ya yanƙwane ya faɗi ƙasa, kada mu ɓoye masa. Mu ce, "I, fure yakan bushe, amma wanda ya yi shi yana nan, shi ne kuma yake lura da kai." Sa'ad da muke faɗa wa yaro haka, zuciyarmu ma tana ji.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu. Ka ɗauke tsoro daga zukatansu, ka ɗauke damuwa daga namu. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa gida da gona. Ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannunka. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.