Thunderbolt: jirgin lilon da aka rushe da sassafe a Coney Island

 

Na san wasu da suka ga taken maganar yau sun yi dariya. Wani abokina a fada ya ce mini: ana fama da tsadar shinkafa da ɗaukewar wuta, kai kuma za ka tara mutane ka ba su labarin abin wasan yara a Amurka? Na ce masa ya zo ya zauna, in an gama sai ya faɗa mini ko labarin yara ne. Ga shi can baya, ina ganinsa.

Bari in fara da bayanin abin, don da yawanmu a fim kawai muka taɓa ganinsa. Waɗanda suka yi lakwal sun san shi da sunan da Faransawa suke kiransa, montagnes russes, wato tsaunukan Rasha, saboda asalin wasan daga tudun ƙanƙara ne da mutanen Rasha suke ginawa suna zamewa a kai lokacin sanyi. Ni zan ce masa jirgin lilo. Dogo ne irin na jirgin ƙasa, amma an ɗaga shi sama bisa ginshiƙai, yana hawa yana gangara yana lanƙwasa. Mutane suna zama cikin ƴan tarago marasa rufi. Sarƙa ce take jan taragon har ƙololuwar tudu na farko, daga nan sai a sake shi. Babu inji a jikinsa. Nauyinsa da gangara su ne suke kai shi har ƙarshe, shi ya sa tudun farko ya fi duk sauran tsawo. Na katako, hanyarsa katakai ne da aka jera bisa juna aka ɗaure, aka shimfiɗa siririn ƙarfe a sama inda ƙafafun tarago suke bi. Yana ƙara, yana girgiza, kuma girgizar nan ita masoyansa suke biya kuɗi su ji. Amma katako yana son hidima. Kullum kafin a buɗe sai ma'aikata sun taka hanyar da ƙafa, su ɗaure abin da ya kwance, su canza abin da ya ruɓe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wurin da labarin ya faru sunansa Coney Island, a bakin teku, kudancin Buruklin cikin birnin Niyok. A 1920 jirgin ƙasa na cikin birni ya iso wurin, kuɗin shiga santi biyar. Daga nan wurin ya zama na talaka. Leburori, ƴan ci-rani daga Italiya da gabashin Turai, masu ɗinki a masana'antu, duk wanda yake kwana cikin ɗaki mai zafi da ƴaƴa shida, ranar Lahadi sai ya kwashi iyalinsa ya tafi shan iska. Mai kuɗi yana da gidan hutu a wani wuri. Wanda ba shi da shi yana da Coney Island.

A 1925 wani mutum mai suna George Moran ya sa aka gina masa jirgin lilo a can, aka sa masa suna Thunderbolt, wato tsawa ko aradu. Wanda ya zana shi John Miller ne, gwanin wannan sana'a a zamaninsa. Shi ne ya ƙirƙiro ƙafar da take kama dogo ta ƙasa, wadda take hana tarago tashi sama in ya gangaro da gudu, kuma har yau da wannan dabara ake aiki. Tsawon Thunderbolt ya kai kusan mita 26.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne gidan da yake ƙarƙashinsa. A filin akwai wani tsohon masauki, Kensington Hotel. Moran bai rushe shi ba. Sai aka gina jirgin lilon a bisansa, ginshiƙai suka ratsa ta jikin ginin, iyalin Moran suka mayar da shi gidan zama. Shekara da shekaru mutane suna dafa abinci, suna barci, suna karɓar baƙi, tarago cike da masu ihu yana wucewa ta kan rufinsu. Wanda ya kalli fim ɗin Annie Hall na 1977 ya ga gidan, nan ne aka nuna a matsayin inda jarumin ya girma, kwanon miya yana rawa a kan tebur duk lokacin da jirgi ya wuce. Mutane da yawa sun ɗauka dabarar sinima ce. Gidan gaske ne.

Fred Moran, ɗan George, ya rasu a 1982, kuma daga wannan shekara Thunderbolt bai sake ɗaukar kowa ba. Lokacin ma Coney Island ta riga ta faɗi. Mota da talabijin sun janye mutane, gobara ta ci wasu wurare, babban dandalin wasanni na Steeplechase da aka buɗe tun 1897 ya rufe a 1964. Kuma a nan akwai wani abu da ya kamata ku ji. Wanda ya sayi filin Steeplechase shi ne Fred Trump, mahaifin Donald Trump, yana son gina gidajen haya. A 1966, kafin hukuma ta kai ga sa wurin cikin jerin abubuwan tarihi da doka take karewa, sai ya shirya liyafa, ya gayyato mutane da ƴan jarida, aka ba su bulo suna jifar gilasan babban zauren wurin. Sannan katafila ta shiga. Daga baya bai samu izinin gina gidajen ba, ya sayar wa hukumar birni filin da riba. Filin ya zauna fayau shekaru masu yawa.

To, sai ga wani mutum, Horace Bullard, baƙar fata ɗan Harlem, wanda ya yi kuɗi da sayar da soyayyar kaza. A shekarun 1980 ya riƙa sayen filaye a Coney Island, har da na Thunderbolt, da burin sake tayar da Steeplechase. Ya samu yarjejeniya da hukumar birni, amma kuɗin aikin bai taɓa haɗuwa ba. Da Rudolph Giuliani ya zama magajin gari a 1994, sai maganar ta mutu. Shi filin wasan ƙwallon sanda yake so a wurin, wanda Amurkawa suke ce wa besbol.

Ina so in yi adalci a nan, don in mun ba da labari muna son mu samu mugu ɗaya da mutumin kirki ɗaya, mu huta. Bullard ba shi da tsabta a wannan magana. Thunderbolt ya tsaya shekara 18 babu mai taka hanyarsa da safe, babu mai ɗaure kusa ɗaya. Ciyawa da itatuwa suka fito ta tsakanin katakai, tsatsa ta kama ƙarfe, gobara ta ci gidan da yake ƙasa a 1991. Yawancin waɗannan shekaru a hannunsa abin yake. Yana da babban mafarki, amma ko fenti bai shafa ba. Ni a ganina, wanda ya riƙe abin da jama'a suke so ya bar shi ya ruɓe, ya riga ya yi wa mai katafila rabin aiki.

Ranar 17 ga Nuwamba 2000, da sassafe, injinan hukumar birni suka shiga filin. Hujjar da aka bayar ita ce ginin yana iya faɗuwa a kan mutane, don haka abin gaggawa ne. Ku lura da kalmar nan, gaggawa. Abu ya yi shekara 18 a tsaye, guguwar teku ta buge shi, dusar ƙanƙara ta danne shi, bai zama gaggawa ba sai da aka fara gina sabon filin ƙwallo a gefensa. Filin, KeySpan Park, an buɗe shi a watan Yuni 2001. Kowa a unguwar ya fahimci cewa ba a son ƴan kallo su ɗaga kai su ga tsohon kwarangwal mai tsatsa.

Bullard ya kai ƙara kotun tarayya. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce hukumar birni ba ta da hujjar rushewa. Wato ya yi nasara. Amma da aka zo maganar diyya, sai aka ce a kasuwa wannan tsohon katako da ƙarfe ba su da wata daraja ta kuɗi, bai tashi da komai na kirki ba. Ku duba yadda lissafin yake: doka ta ce an yi ba daidai ba, amma abin ya riga ya tafi, kuma wanda ya yi ɓarnar bai biya abin da zai sa ya ji tsoro gobe ba. In kai ne mai mulki, me ka koya daga wannan shari'a? Ka koyi cewa ka rushe tukuna, a yi shari'a daga baya.

Na ce labarin nan bai yi mini nisa ba, bari in faɗi dalili. A kartiyen da na girma akwai wani fili da muke buga balo tun muna ƙanana, da wata babbar bedi a gefe inda tsofaffi suke zama da la'asar. Ba mu taɓa tambayar na wa ne ba, mun ɗauka namu ne tun da mu muke cikinsa. Wata safiya muka tashi muka tarar an sauke bulo da yashi, an sare bedin. Muka yi ta hayaniya, muka je ofis, aka nuna mana takarda mai hatimi wadda aka sa wa hannu tun shekara biyu da suka wuce. Shekara biyu muna buga balo a kan filin da aka riga aka sayar. Mu muna da tarihin wurin a baki, shi mai bulo yana da dosiye.

Yanzu ku bi ni ƴan mitoci kaɗan daga inda Thunderbolt yake. Akwai wani jirgin lilon na katako, Cyclone, wanda aka buɗe a watan Yuni 1927, shekara biyu bayan Thunderbolt. Tsawonsu kusan ɗaya, unguwarsu ɗaya, iskar gishiri ɗaya take cin su. Shi yana nan yana aiki har yau, yana gudun fiye da kilomita 90 a awa, a 2027 zai cika shekara 100. A farkon shekarun 1970 shi ma an yanke masa hukunci. Ya koma hannun hukumar birni, kuma gidan adana kifaye na Niyok da yake maƙwabtaka da shi yana son filin don ya faɗaɗa. Mutanen unguwa da ƴan kasuwar wurin suka tashi suka yi kamfe tun abin yana tsaye, tun ana iya hawansa. A 1975 masu dandalin Astroland suka karɓi hayarsa, suka zuba kuɗi suka gyara, suka ci gaba da sayar da tikiti. A 1988 birnin Niyok ya sa shi cikin jerin wuraren tarihi da ba a taɓawa sai da izini, a 1991 ya shiga jerin na ƙasa baki ɗaya. Astroland ɗin kansa ya rufe a 2008, aka kwashe kayansa, amma Cyclone bai motsa ba, don takardar da take kare shi ba ta dogara da mai haya ba.

Masu son Thunderbolt ba su fi masu son Cyclone ƙaranci ba. An ɗauke shi hoto, an sa shi a fim, mutane sun yi kuka ranar da ya faɗi. Sai dai so ɗin bai taɓa zama takarda ba, bai taɓa zama kafinta mai guduma da safe ba. Kuma abin dariya, ko abin haushi, ƙungiyar ƙwallon da take wasa a filin da aka share wa hanya, sunanta Brooklyn Cyclones. An ɗauki sunan wanda ya tsira an liƙa a bakin kabarin ɗan uwansa.

Kada ku ce halin Niyok ne kawai. A jihar Ohayo akwai dandalin Geauga Lake, da jirgin lilonsa Big Dipper, shi ma na 1925, shi ma zanen John Miller. Kamfanin da yake da wurin ya bari sai da kakar wasa ta 2007 ta ƙare, kowa ya koma gida, sannan ya sanar cewa ba za a sake buɗewa ba. Babu wanda ya samu damar hawan bankwana. Big Dipper ya tsaya shekara tara cikin ciyawa, masoyansa suna ta neman yadda za a cece shi, aka rushe shi a watan Oktoba 2016. Hanyar ɗaya ce: a rufe shiru, a bari ruwa da rana su yi aikinsu, sannan a kira injiniya ya rubuta cewa haɗari ne, kuma a lokacin gaskiya yake faɗa.

Wani zai ce, to ai katako ne, gari kuma dole ya canza, filin ƙwallon ma ya kawo aiki da mutane. Ban musa ba. Ba kowane tsohon abu ne za a ajiye ba, kuma da an tara mutanen Coney Island an tambaye su, wataƙila wasu da yawa su zaɓi filin ƙwallon. Ba a tambaye su ba. An zo da sassafe ne don kada a yi wannan muhawara da muke yi yanzu.

Horace Bullard ya rasu a 2013 bai gina dandalinsa ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 2014, aka buɗe sabon jirgin lilo a kusa da wurin, na ƙarfe zalla, launin ruwan lemu, kamfanin Italiya ne ya ƙera shi. Sunan da aka sa masa Thunderbolt. Yaran da suke layi don hawansa yau, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka rushe na farko, kuma babu gida a ƙarƙashinsa.

Nan zan tsaya. Abokina na baya, kai za ka fara, a miƙa masa makirfo.