Sabon Lasisi, Sabon Hannu



'Yar uwa, ko kin tuna ranar da ɗanki ya shigo gida da lasisin tuƙi yana washe baki, ya miƙo hannu a ba shi makullin mota? Ko kuwa ke ce da kanki kika gama koyo, kika cire jan harafin nan na L, washegari kika kwashi yara sai makaranta? To, yau hirarmu a kan watannin nan na farko take, lokacin da takarda ta ce an iya, amma hannu bai gama faɗawa ba.

Bari in kai ki Faransa. Tun shekarar 2004, duk wanda ya ci jarrabawar tuƙi a can, lasisin gwaji ake ba shi na shekara 3. Cikakken lasisi maki 12 ne da shi, amma sabon direba da 6 yake farawa. Duk shekarar da ya kammala ba laifi, a ƙara masa 2, har ya cika. Idan kuma tun yana matashi ya yi koyo babba na zaune gefensa, gwajin shekara 2 ne kawai.

Laifi kuwa cin maki yake yi. Riƙe waya ana tuƙi, maki 3 da tarar Yuro 135. Ƙetare jar danja, maki 4. Ki lissafa da kanki: mai maki 6 ya yi waɗannan biyun, me ya rage? Lasisin ya mutu ke nan. Sai ya jira wata 6, likita ya duba shi, sannan ya sake jarrabawa tun daga farko. Ko laifi ɗaya ne ma, muddin ya ci maki 3, dole ya je bita ta kwana 2, kuma daga aljihunsa.

Ba a nan ta tsaya ba. A bayan motarsa zai manna jan harafin A, don na baya ya san sabon hannu ne. Babbar hanyar da kowa ke gudun kilomita 130 a awa, shi 110 aka yarje masa. Ni wannan harafin ya fi burge ni, wallahi, domin ba ƙaramin taimako ba ne a rage wa mutum hon ranar da mota ta mace masa a tsakiyar shataletale.

Ingila ma haka: wanda ya tara makin laifi 6 cikin shekara 2 na farko, an soke lasisinsa. Tun 2017 kuwa, waya kaɗai ta isa ta jawo shidan nan gaba ɗaya.

Me ya sa suke haka? Sabon direba ya san burki, ya san giya, amma bai saba hango abin da zai faru ba: yaron da zai ɓullo daga bayan motar haya, ko mai babur da zai juya ba sigina. Wannan sai an daɗe bisa titi.

Dokar Faransa dai ba za ta biyo mu gida ba, amma makulli a hannunki yake, ko na maigida. Ku zauna ku yanke wa yaro naku wa'adin. Ban da tuƙin dare, ban da cika mota da abokai, ban da rakiyar amarya, inda samari ke gasar gudu. Waya kuma ta zauna a aljihu. In zai hau doguwar hanya, kamar Kano zuwa Kaduna, babba ya zauna kusa da shi. Ke ma sabuwar direba, kafin ki fara ɗaukar yara, ki bi hanyar makarantar nan sau da yawa ranar Asabar da safe, lokacin da titi ba cunkoso.