Mai Shekara 40 Ma Yana Iya Fara Renon Furanni Da Dashe

(Jawabin da aka gabatar wa manoma da masunta da masu sana'ar hannu a Wudil)



Maganar yau ta shafi magidanci wanda ya kai shekara 40 ko 50, sana'arsa kuma ta daina ciyar da gida. Irin wannan mutum yana da yawa a Wudil. Masunci yana kwana a kan ruwa ya dawo da kifin da bai cika kwarya ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan kogi ya canza tafiyarsa. Mai ginin tukwane kuma roba ta cinye masa kasuwa. To, ina mafita? Wata mafitar ita ce renon furanni da dashen itatuwa don sayarwa.

Wasu za su yi dariya, su ce fure ai ba abinci ba ne. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya shiga birnin Kano ya bi ta unguwar Nasarawa, zai ga masu sayar da dashe a bakin titi, motoci suna tsayawa ana loda tukwane. A nan Wudil ma akwai masu saye. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ake kira Jami'ar Aliko Ɗangote. Akwai makarantar horar da 'yan sanda. Ga makarantu da asibitoci da masu sabon gini. Ga kuma babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa gari.

Sai dai a lura da abu ɗaya. A ƙasar Kenya ana yanke furanni, a zuba a jirgin sama a kai Turai. A Jos ma furen wardi yana yi, saboda sanyin wurin. Wudil ba haka take ba. Furen da aka yanke da safe lokacin bazara, kafin azahar ya yi yaushi. Saboda haka abin da ya dace da nan shi ne dashe mai rai, a cikin leda ko tukunya. Idan ba a saya yau ba, yana nan yana girma, kuɗinsa yana ƙaruwa.

Kayan aikin ba su da tsada. A haɗa ƙasar saman gona da yashin kogi da taki. Yashi yana bakin kogi. Taki yana kara, inda ake cin kasuwar shanu kowace Juma'a. Amma takin ya zama wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Ledar ruwa da ake zubarwa a titi tana yin aiki. A yanke bakinta, a huda gindinta wuri 3 ko 4 don ruwa ya riƙa fita. In ba a huda ba, saiwa za ta ruɓe, mutum ya ce irin ne ba shi da kyau.

A kafa rumfar kara ko zana don inuwa. A yi shinge mai ƙarfi, domin akuya ɗaya tana iya gama aikin wata 3 kafin a dawo daga masallaci. A yi ban ruwa safe da yamma. Kada a ajiye dashe a ƙasan fadama, domin ruwan watan Agusta yana iya tafiya da shi.

Yawancin furannin ado ba a shuka su da iri. Reshe ake yankowa, tsawon ɗani ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a soka a leda. Bayan 'yan makonni sai ya yi saiwa. Haka ake yi wa bogambiliya, wadda take jure rana.

Kada mai farawa ya tsaya a kan fure kaɗai. Ya haɗa da mangwaro da gwaiba da lemo da darbejiya da zogale da lalle. Mutumin ƙauye ba zai sayi fure ba, amma zai sayi mangwaro mai aure. Koyon auren mangwaro yana bukatar zama wurin wanda ya iya. Dattijo ya daure ya zauna ko da gaban yaro ne, ya koya. Malaman gona na KNARDA ma ana iya tambayarsu.

Mai ginin tukwane yana da riba biyu. Ya huda gindin tukunya tun tana ɗanya, ya sayar da ita tare da furen.

Yanzu sai gargaɗi. Wannan sana'a ba ta kawo kuɗi da wuri. Kasuwar dashen itatuwa damina ce, daga Yuni zuwa Agusta. Wanda yake so ya sayar a lokacin, tun cikin rani zai fara reno. Wata da watanni yana zuba ruwa, ba abin da ke shigowa, yara kuma sai sun ci. Don haka kada masunci ya sayar da kwalekwalensa, kada manomi ya jinginar da gonarsa. A fara da leda 100 a bayan gida, ana ci gaba da tsohuwar sana'a. A sami littafi a rubuta ranar shuka, da yawan waɗanda suka mutu, da kuɗin da aka kashe. Bayan damina ɗaya, littafin zai nuna ko a ƙara ko a tsaya.