Labarin Tashar Rahama: Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Kazaure

Jama'a, iyayenmu da 'yan'uwanmu talakawa, da fataken Babura da Roni da Gwiwa da suka ci kasuwa tare da mu.

Ba wanda bai ji maganar jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ba, wanda aka aza harsashin aikinsa cikin watan Fabrairu na 2021, aka kuma tsara zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Murna muke yi. Amma kafin mu gama murna, muna so mu ba ku labarin wata tasha da ta yi zamani ta mutu, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Tashar Rahama ke nan, can ƙasar Lere, a gindin duwatsun Jos. Turawa sun sami kuza a kan duwatsun nan, amma ba hanyar fid da ita sai kan mutum. 'Yan alaro ke ɗaukarta, su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko, bakin kogin Binuwai. Da dogo ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, sai masu haƙar kuza suka matsa wa Gwamnati lamba a ja musu reshe. Aka ja, amma na araha. Faɗin babban dogo ƙafa 3 da rabi ne, na wannan kuwa ƙafa 2 da rabi. Saboda haka ko wane kaya ya zo Zariya sai lebura sun sauke shi daga ƙaramin tarago sun loda a babba. Turawa suka sa masa suna jirgin Bauci, alhali kuwa bai taɓa taka garin Bauci ba!

A 1912 dogon ya kai Rahama, nan ya tsaya. To, ku da kuka san kasuwa kun san abin da ƙarshen dogo ke jawowa: ga 'yan dako suna gangarowa da kuza, ga masu tuwo, ga masu masauki, kowa na samun na goro. Ba a daɗe ba aka hau da shi duwatsu, a 1914 ya kai Bukuru ta Jos, watau mil 143 daga Zariya. Rahama ta koma tashar kan hanya, kamar su Soba da Dutsen Wai.

Abin da ya karya shi ya zo a 1927, sa'ad da babban dogo ya shigo Jos ta Kafanchan. Kuza ta sami gajeriyar hanya zuwa Fatakwal, ba saukewa ba sake lodi. Ƙaramin jirgi ya rage da fasinja da ɗan kayan gona, ya yi shekara 30 yana jan ƙafa, ga motoci suna cin kasuwarsa. A 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafa. Wanda ke son ganin kan jirgin nan sai ya je gidan tarihi na Jos. Don kuza aka gina shi, ran da kuza ta juya baya manoman Soba da Lere ba su isa su tsai da shi ba.

Mu nan Kazaure ba mu taɓa samun ko irin wannan ba. Dogo ya tafi Ƙauran Namoda a 1929, ya tafi Nguru a 1930, kakanninmu kuwa suna kai gyaɗa Kano a kan jakuna da raƙuma.

Yanzu da abin ya zo ƙofarmu, tambayarmu ita ce, wane kaya aka yi wa lissafi? In manyan kayan da za su wuce Nijar ne kaɗai, to, mu 'yan kallo ne. Muna so a gaya mana ko tashar Kazaure za ta sami sito da sikeli, da wurin lodin awaki da tumaki. Mai buhu 5 na wake ko riɗi, za a karɓi kayansa, ko sai mai iya cika tarago? Nawa ne kuɗin buhu zuwa Kano, in an gwada da na mota? Wace hanya kuma za ta kawo kayan Roni da Gwiwa bakin tasha da damina?

Muna roƙon shugabannin 'yan hatsi da na 'yan dabbobi su zauna cikin makon nan, su rubuta waɗannan tambayoyi, a kai wa wakilanmu na majalisa a Dutse da Abuja, a kuma nemi amsa a rubuce.